Ladabi Tsakanin Maharba

Ya 'yan'uwana 'yan makaranta, da ku malamanmu masu girma, ina roƙon ku yi haƙuri da ni kaɗan in kawo wata magana wadda ba ta cikin littattafan da mu ke karantawa, ba a kuwa tambayarta ran jarrabawa, amma ta kan ci rai. Maganar ita ce yadda ya kamata mai makami ya zauna da ɗan'uwansa mai makami sa'ad da suka fita harbi tare.

Ni mutumin Fagam ne, cikin ƙasar Gwaram, can kudancin Jihar Jigawa, dab da iyakar Bauchi. Wanda bai san wajenmu ba, ƙasa ce ta duwatsu da kwazazzabai, ta bambanta da shimfiɗaɗɗen rairayin arewacin jihar, saboda haka har yanzu ba a rasa ɗan abin da zai motsa cikin daji. Da an gama kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai ka ji gangi ya tashi da asuba, samari su fito da karnuka da gora da barandami, waɗansu da adaka, a haɗu da mutanen garuruwan kewaye a nufi dawa.

Da hutun rani da ya wuce na bi su. Kawuna, wanda tsohon maharbi ne ya daɗe da rataye bakansa, ya ce ba ya so, amma da ya ga na nace sai ya ɗauki sandarsa ya biyo ni. Rana ta take tsaka ba a sami kome ba sai zomo biyu da 'yan gafiyoyi, kowa ya gaji, rai ya ɓaci. Can sai gada ta zabura daga gindin wani dutse. Wani saurayi ya jefe ta da gora, karen wani ya bi ta, wani kuma daga ɗaya ɓarin, bai ko duba abin da ke bayan gadar ba, ya saki adaka. Gada ta faɗi. Wani yaro kuma da ke riƙe da igiyar kare, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, ya faɗi, ƙarfe ya shige shi a cinya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya biyo baya. Ba wanda ya nufi yaron. Duk aka yi kan gada, wannan ya riƙe ƙafa, wancan ya riƙe wuya. Mutanen gari guda suna cewa gorarsu ce ta kayar da ita, na ɗaya garin suna cewa bindigarsu ce, mai kare yana ta rantsuwa. Makaɗa kuwa maimakon su yi shiru sai suka ƙara wuta, aka zare wuƙaƙe, aka shiga kirari. Kafin dattawa su raba, an fasa kan mutum biyu, gadar kuwa an yayyage ta har ba wanda ya sami abin da zai ishi tukunya guda. Kawuna ne ya yage rawaninsa ya ɗaure cinyar yaron, muka ɗauko shi. Ya rayu, amma yana ɗingishi har yau. A hanya kawu bai ce mini kome ba sai kalma guda: "Yaro, waɗannan ba maharba ba ne, masu makami ne kawai."

Da na dawo makaranta abin yana raina, sai wani dare wani abokina ya nuna mini a wayarsa hotunan gasar harbi ta wasannin Olimfik na 1924, a'a, na 2024, waɗanda aka yi a Faransa. Na yi ta kallo har baturi ya mutu. Irin harbin da na gani shi ne wanda Turawa ke kira harbin tantabarar yumɓu, ni kuwa zan kira shi harbin kasko, gama abin da a ke harbin ya fi kama da ɗan ƙaramin kasko. Faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa kamar giram 105, ana yinsa da garin farar ƙasa da kwalta don ya yi saurin fashewa. Wani inji ne ke wurga shi sama da ƙarfi kamar tashin fakara, mai harbi kuwa ya bi shi da bindiga mai baki biyu. A irin wanda a ke yi a Olimfik, akwai rami mita 15 gaban maharba, da inji 15 a ciki, kasko ya kan yi tafiyar mita 76 kafin ya faɗi, ba ka kuwa san ko dama zai yi ko hagu ba sai ya fito. Mutum shida ne ke shiga tare, ana juyawa kan matsayi biyar, kowa kasko 25 a zagaye guda.

Gwanintarsu abin mamaki ce, amma ba ita ta kama ni ba. Abin da ya kama ni, ga mutum shida, kowanne da bindiga a hannu, kowanne yana neman ya kayar da sauran, an tara kuɗi da suna da tutar ƙasa a kan abin, amma wurin tsit kamar masallaci. Bari in faɗa muku abin da na lura da shi, da abin da na bincika daga baya na tarar doka ce a rubuce.

Bindigarsu irin mai karyewa ce a tsakiya. Ba mai rufe tasa sai layi ya zo kansa, yana tsaye a matsayinsa, bakinta yana duban fili. Da ya harba sai ya karya ta, ya cire kwanso. In zai matsa zuwa matsayi na gaba, a karye zai ɗauke ta, yadda kowa zai gani da idonsa ba ta iya tashi. Ku lura da wannan. Shi mai bindiga ya san ko akwai harsashi ciki ko babu. Ba don kansa ya ke karya ta ba, don hankalin na kusa da shi ya kwanta ne, kada ya zama yana auna kasko da ido ɗaya, ɗayan yana kan bakin bindigar maƙwabcinsa. Wannan shi ne asalin ladabi: ka ɗauke wa ɗan'uwanka wahalar tsoronka.

Haka kuma wanda ya gama harbinsa ba ya barin wurinsa sai na damansa ya harba, don kada motsinsa ya ɗauke masa ido. Ba a magana, ba a tari da gangan, ba a yi wa wanda ya kuskure dariya, ba a kuma ba shi shawarar da bai nema ba. Ba mai taɓa bindigar wani sai da izininsa. In an zo ƙarshen zagaye, wanda ya riga gamawa ba ya juya baya ya tafi, sai ya tsaya har na ƙarshe ya saki harsashinsa na ƙarshe, sa'an nan a yi musafaha, a gode wa alƙali.

Amma wadda ta fi duka nauyi a wurina ita ce dokar shaida. Ba a lissafa maka kasko sai an ga ɓarinsa ya rabu da shi, ko da ɗan tsingaro ne. In ƙura kawai ta tashi daga jikinsa, ka kuskure ke nan. Alƙali ne ke faɗi, yana da mataimaka, su kuwa sau da yawa daga cikin maharban da suka gama nasu a kan ɗauko su, watau abokin hamayyarka ne ke zaune yana shaidar harbinka, kai ma an jima za ka zauna ka shaidi nasa. In ba ka yarda da hukunci ba, hannu za ka ɗaga nan take, alƙali ya tambayi mataimakansa, abin da suka tsayar ya zauna. Na ga mutum ya kuskure kasko guda wanda ya raba shi da lambar girma bayan wahalar shekara huɗu, ya karya bindigarsa, ya sunkuyar da kai, ya matsa. Na tuna mutanenmu da gada.

To, na san abin da waɗansunku za su ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwana. Suka ce, "Haba, malam! Wannan ai wasan masu ƙoshi ne. Wa ke cin kasko? Mutumin da ya karya da shayi da ƙwai, ya zo ya ƙone harsashi ɗari a kan tsingaro, me zai hana shi ladabi? Ka kai shi dajin Fagam da yunwa, ya yini yana gudu cikin ƙaya, mu ga ko zai ce wa wani bismilla." Maganar nan tana da ƙashi, ba na kuwa raina ta. Gaskiya ne wasan na masu hali ne. Shehu Ahmad Al Maktum, wanda ya ci lambar zinariya a Atina cikin 2004, ɗan gidan sarautar Dubai ne, ba talaka ba. Gaskiya ne kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu, wanda kuwa ya sha gudu ba ya son a raba shi da abin da ya kama.

Amma ku dubi abin da kyau. Da yunwa ce ta sa aka yi faɗa ran nan, da ba a yayyage gadar ba, gama mai jin yunwa ba ya ɓarnar nama. Kowane ɗaya daga cikin waɗanda aka fasa wa kai ya kashe a wajen magani abin da ya fi kuɗin gada uku. Ba nama a ke nema ba, suna a ke nema: a koma gari a ce su wane ne suka ƙwace, makaɗi ya ambace su, 'yammata su yi guɗa. Ashe kuwa abin da mai harbin kasko ke nema ke nan, suna. Cuta ɗaya ce, sai dai su sun yi mata linzami, mu mun sake ta. In kuwa ana maganar wanda ya fi bukatar linzamin, ai mu ne. Su suna tsaye a layi guda, kowa na duban gaba, ba kowa a filin. Mu kuwa mun yi wa daji zobe, fuskar kowa na duban ta wani, da yara da karnuka a tsakani, bindigar kuma ƙirar maƙera ce, an ɗura mata albarushi da ƙiyasi, an cusa gutsattsarin ƙarfe, ba ta da wani makulli sai yatsan mai ita.

Waɗansu kuma suka ce wannan al'adar Turawa ce, me ya kai mu kwaikwayo? Nan ne na ke so in daɗe kaɗan, gama a nan aka fi yin kuskure. Turawa ba da ladabin nan aka haife su ba. Asalin wasan, tantabaru masu rai a ke sakawa cikin akwati, a ja igiya, su tashi a harbe. A wasannin da aka yi a birnin Faris cikin 1900 an kashe tantabaru wajen 300, fili duk jini da gashi. Wani Ba'amurke mai suna Ligowsky, mutumin Sinsinati, shi ya ƙago kaskon cikin 1880, Ingila kuwa ba ta hana harbin tsuntsun da aka tsare ba sai 1921. Mu fa? Ya zo cikin ingantattun hadisai cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya wuce waɗansu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, da suka gan shi suka watse, ya gaya musu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Abin da Ingila ta gane cikin 1921 an gaya mana shi da shekara fiye da 1,200 kafin nan.

Haka sauran. Karya bindiga a gaban jama'a, ai shi ne umurnin da aka yi wa mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau, cewa ya riƙe tsininsu da hannunsa kada ya yagi wani Musulmi. Hana juya bakin bindiga wajen mutum, ai shi ne hanin da aka yi na nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, don mutum bai san sa'ad da Shaiɗan zai fizgi hannunsa ba. An ma hana miƙa wa mutum takobi a zare. Har gasar kanta tana da asali, gama Buhari ya ruwaito Annabi ya tarar da mutanen Aslam suna gasar harbi, ya ƙarfafa su, ya ce yana tare da ɓangare guda. Ɗaya ɓangaren suka sauke bakunansu don kunya, sai ya ce su harba, yana tare da su duka. Ku dubi ladabi ta kowane gefe: su sun ƙi su yi takara da ɓangaren da ya ke ciki, shi kuma ya ƙi barin wasa ya ɓaci saboda shi. Game da rigimar nama kuwa, malamanmu na Malikiyya ba su bar ta a buɗe ba. Cikin Muhtasar na Shehu Halilu, wanda a ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, an nuna abin farauta na wanda ya riga kai hannu gare shi ne, in kuwa waɗanda kowannensu ke da ikon kama shi suka yi jayayya, a raba musu. Da an bi wannan ran nan, da kowa ya koma gida da tsoka, da kansa lafiya.

Maharbanmu na dā ma ba su jahilci wannan ba. Ku tuna ƙasarmu ta Gwaram da Birnin Kudu bakin daga ce a ƙarni na 19, tana ƙarƙashin Kano, Ningawa suna kawo mata hari, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gado cikin 1855, ya sha fita yaƙi da su. Mutanen da suka tsare garuruwan nan 'yan baka ne, kibansu kuwa da dafi, wanda ƙwarzane kaɗan ya isa. Mutum ba ya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da wani a kan ganuwa da irin wannan makami sai in akwai ƙa'ida tsakaninsu. Na zauna da kawuna dare uku ina tambayarsa abin da ya gada daga nasa iyayen, ga kaɗan daga abin da ya gaya mini.

Ya ce maharbi ba ya shiga gari da kibiya a ɗane, tun daga bakin gonaki ya ke mai da ita kwari. Ba ya taɓa kwarin wani, ba ya tsallake bakan wani. In ya tarar da wani ya riga shi fako a bakin ruwa, ba ya yi masa sallama da murya, sai ya ɗaga hannu ya koma da baya ya nemi wani wuri, ko da shi ya fara ganin sawun jiya. In biyu suna bin nama ɗaya, wanda ya fara gani shi ke da harbin fari, sai ya kuskure na biyu ya saki. Naman kuwa na wanda ya fara fid da jini ne; wanda ya ƙarasa, a ba shi ƙafar gaba, a kuma fid da rabon Sarkin Baka. In aka yi shakka, sai a duba kibiya, gama kowa da alamar da ya ke yi wa tasa. Na ce, "Kawu, in ba kowa a wurin fa, ka tsinci naman da kibiyar wani a jiki?" Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce sai ka yanka, ka rataye a itace, ka kai masa kibiyarsa har gida. Ya ce shi da kansa ya taɓa ɗaukar kibiya tun daga dajin wajen Farin Dutse ya kai wa mai ita, bai san shi ba sai da ya yi tambaya, abotar da suka ƙulla ran nan kuwa har aure ta haifar tsakanin 'ya'yansu.

Ban ce duk mutanen dā haka su ke ba. Tsoho in yana ba da labarin zamaninsa ya kan manta da ɓarayin cikinsa, faɗan farauta kuma ba yau aka fara shi ba. Amma ƙa'idar tana nan, an san ta, wanda ya karya ta ya san ya karya, ana kuwa jin kunyarsa. Yau abin da ya ɓace ita ce kunyar.

Me ya kawo haka? A ganina abu uku ne suka haɗu. Daji ya ƙare, gonaki sun cinye shi, manyan namun da kawu ke ambata, su gwanki da mariri, sai dai a je Yankari, wadda aka keɓe tun 1956, ko a gan su a hoto. Mutum ɗari biyu kuwa in suka fita kan zomo biyar, dole a yi ƙwace. Sa'an nan bindiga ta yi arha, ta faɗa hannun wanda bai yi shekara guda yana ɗaukar wa wani maharbi jaka ba. A dā kafin a ba ka kibiya mai dafi sai ka shekara kana harbin kututture, ladabin yana shiga tare da gwanintar. Yanzu makami na zuwa da rana ɗaya, ladabi bai ko taso ba. Dokar makamai ta 1959 ta ce ko adaka sai da lasin, amma lasin takarda ce, ba ta koya wa mutum inda zai juya bakin bindigarsa. Na ukun ba na son in tsawaita a kansa: abin da waɗansu samari ke haɗiya kafin su fita. Kowa ya sani.

Ba a daji kaɗai abin ya tsaya ba. Ku tuna ran hawan salla, yadda 'yan bindiga ke cika adaka da albarushi fiye da kima don tasu ta fi ta kowa ƙara, su sake ta dab da kunnen abokinsu ko gaban dokin wani, ana dariya. Wanda ya zauna a garin sarauta ya san mai yatsa huɗu ko mai ido ɗaya da ya samo nasa a nan. Ga kuma 'yan sintiri da ke tsaron ƙauyuka da dare, yawancinsu mafarauta ne, sun kuwa yi aikin da ba za a manta ba. Maharba na cikin waɗanda suka taimaka aka ƙwato Mubi cikin 2014. Mutanen da jama'a ta dogara da su haka, su ne suka fi cancanta a ce hannunsu ya horu.

Akwai masu cewa a hana farautar gayya ɗungum, a huta. Hukuma ta kan yi haka wani lokaci in an yi rigima, ba na kuwa ganin laifinta ran da jini ya zuba. Amma ban yarda shi ne magani ba. Samari ba za su bar son gwada kansu ba don an buga takarda. In ka hana su da rana gaban dattawa, za su yi da dare ba dattijo. Abin da Turawan nan suka yi da ya fi hikima shi ne, da suka ga tsuntsu ya zama abin kunya, ba su kashe gasar ba, suka sake mata abin harbi. Suka ba saurayi wurin da zai nuna shi gwani ne, a gaban shaidu, da lissafi wanda ba shi da gardama, ba tare da ya fasa kan kowa ba. Har mace ta sami shiga: wata 'yar ƙasar Sin, Zhang Shan, ta kayar da maza duka a Basalona cikin 1992.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo, musamman ga ku 'yan ajin ƙarshe da za a rarraba ƙauyuka baɗi. Malamin makaranta a ƙauye ba allo kaɗai ya ke riƙe ba, yaran da ke gabansa da safe su ne masu riƙe igiyar kare da rani. Ba na cewa a kawo bindiga makaranta, Allah Ya kiyaye, ba mu da inji mai wurga kasko, ba ma bukatarsa. Muna da baka, muna da danƙo, muna da sakaina da tsingaro a kowane juji. A sami yamma guda cikin mako, a je bayan gari inda ba hanya, a jingina sakaina a jikin tudu, a ja layi a ƙasa. A gayyato Sarkin Baka ko wani tsohon maharbi ya zama alƙali, gama shi yara za su ji, shi ma zai ji daɗi an tuna da shi. Kowane yaro kibiya biyar marasa tsini. Ba mai ɗana kibiya sai an kira sunansa, ba mai ƙetare layi ya ɗebo sai an ajiye bakuna duka a ƙasa, ba mai magana in wani ya ja tsirkiya. Wanda ya juya baka wajen mutum, ko da wasa, ya zauna ran nan ko shi ne gwanin gari.

Lissafi kuwa kada malam ya riƙe shi. A sa kowane yaro ya faɗi nasa da bakinsa, abokin takararsa ya shaida. Harbi a wutsiya ya fi kuskure, in ji masu iya magana, amma a nan in sakaina ba ta fashe ba, yaro ya buɗe baki gaban 'yan'uwansa ya ce, "Na kuskure." Na gwada wannan da yara tara a ƙofar gidanmu kafin hutu ya ƙare. Tsayuwa a layi sun koye ta ran farko, yin shiru ya ɗauke su kwana uku. Kalmar nan kuwa, ran da zan taho biyu ne kaɗai suka iya faɗinta ba tare da sun ɗora wa iska ko tsirkiya laifi ba, ɗayansu kuwa shi ne yaron nan mai ɗingishi.

Na yi magana da malaminmu na wasanni, ya ce in an sami mutum goma sha biyu da suka rubuta sunansu zai nema mana izinin filin da ke bayan gonar makaranta ran Asabar da la'asar. Kawu ya ba ni baka biyu na taho da su, suna ɗakina. Takardar sunaye tana manne a ƙofar ɗakin cin abinci.